Yadda matashin direba ke tashi daga gokat ya hau motar tsere mai kujera ɗaya

Kusan duk direban da kake gani a Formula 1 a kan gokat ya fara, wato ƙaramar motar nan mai tayoyi huɗu da ba ta da rufi, wadda mazaunin direbanta ya kusa taɓa kwalta. Lewis Hamilton ya hau ta yana ɗan shekara 8, a 1993. Dubban yara a Turai suna hawanta duk ƙarshen mako, amma ƙalilan ne ke tsallakawa zuwa mota mai kujera ɗaya, kuma a cikin waɗanda suka tsallaka ɗin ma, da yawa shekara guda suke yi kuɗi ya ƙare su koma gida. Abin da ya fi kayar da su shi ne zaton cewa saurin da suka yi a gokat zai bi su cikin mota kai tsaye. Ba ya bi. Sai an sake koyon tuƙi kusan daga tushe, kuma wannan koyon da kuɗi da lokaci ake sayensa.

Mataki na farko: ka tabbata ka gama da gokat

Shekarun shiga Formula 4, wadda ake taƙaitawa F4, su ne 15. Hukumar FIA, mai kula da tseren mota a duniya, ita ce ta ƙirƙiro wannan rukuni a matsayin matakala ta farko bayan gokat, gasar Italiya ta fara gudana a 2014, Lance Stroll ne ya ci ta. Cika shekara 15 izinin shiga kawai yake ba ka. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: a wane mataki kake cin tsere?

Wanda ke lashe kofi a kulob ɗin garinsu bai san matsayinsa ba tukuna. Ma'aunin gaskiya yana gasannin ƙasa da ƙasa: rukunin OK-Junior na 'yan shekara 12 zuwa 14, sai OK na manya, sai KZ mai giya shida, ko kuma gasannin injin Rotax da IAME. A filaye irin su Lonato da Sarno a Italiya, ko Genk a Beljiyam, yaran da za ka haɗu da su a F4 suke fafatawa. Idan kana shiga sahun gaba a can akai-akai, ka isa tafiya. Idan har yanzu a tsakiya kake, ƙarin shekara guda a rukunin manya ya fi maka araha nesa ba kusa ba, domin darasin wuce abokin hamayya da kare matsayi iri ɗaya ne, amma kuɗin koyonsa a gokat kaɗan ne daga abin da za ka biya a mota.

Za a kawo maka misalin Max Verstappen, wanda ya ci gasar duniya ta KZ a 2013, ya tsallake kai tsaye zuwa Formula 3 ta Turai a 2014, ya ci tsere 10 ya zo na uku, sannan ya shiga Formula 1 a 2015 yana ɗan shekara 17. Ka saurara, amma kada ka ɗora shirinka a kai. Mahaifinsa tsohon direban Formula 1 ne, mahaifiyarsa ma ta yi tseren gokat, a cikin abin ya buɗe ido. Kuma bayan shigarsa FIA ta toshe wannan hanya: ta sa sharaɗin shekara 18 da maki 40 kafin a ba da babban lasisin Formula 1, sai a 2024 aka ɗan sassauta cewa hukumar na iya yarda da ɗan 17 idan ta ga ya cancanta.

Mataki na biyu: a zauna a yi lissafi tun kafin a hau mota

Wannan zaman na iyaye ne, amma ya kamata yaron ya kasance a wurin ya ji da kunnensa. Lokacin da aka kafa F4 burin FIA shi ne kada kakar wasa ta wuce Yuro 100,000. A yau wanda ke son fafatawa a sahun gaba a Italiya da babbar ƙungiya yana kashe ninkin wannan sau da dama. Kuma F4 ce mafi sauƙi a matakalar. Formula Regional ta fi ta tsada, Formula 3 ta haura Yuro miliyan ɗaya, Formula 2 ta fi haka.

Kuɗin da ƙungiya za ta faɗa maka a farkon magana ba shi ne duka ba. Ka tambaya dalla-dalla: ranakun gwaji nawa ne a ciki? Sababbin tayoyi saiti nawa? Kuɗin rajistar gasa yana ciki? Idan an yi haɗari wa ke biya? Wannan ta ƙarshe ita ce ke karya mutane. Fiffiken gaba da sandunan da ke riƙe taya suna karyewa cikin ƙiftawar ido a kwanar farko, kuma sabon direba sai ya karya su. Akwai inshorar haɗari ta tsere, amma tana da wani kaso na farko da kai za ka biya duk lokacin da aka yi ɓarna. Ka ware kuɗin ɓarna daban. Sai jirgi, masauki, abinci, mai horarwa, da wanda zai riƙa raka yaro tunda bai kai shekarun tafiya shi kaɗai ba.

Shawarata a nan: ka yi lissafin shekara biyu. Wanda ke da kuɗin shekara ɗaya tak yana tuƙi ne da tsoro, kuma mai tsoron karya mota ba ya wuce kowa. Iyayen Esteban Ocon sun sayar da gidansu suka koma zama a cikin motar kwana domin ɗansu ya ci gaba da tsere, ya kuwa kai Formula 1. Labarinsa muke ji saboda ya dace. Waɗanda suka sayar da gida abin bai yiwu ba, babu mai kawo sunansu.

Mataki na uku: lasisi da kayan kariya

Lasisi daga hukumar wasannin mota ta ƙasarka yake fitowa, wadda FIA ta amince da ita: Motorsport UK a Birtaniya, ACI Sport a Italiya, FFSA a Faransa, a Najeriya kuma Automobile and Touring Club of Nigeria. Lasisin gokat ba ya aiki a mota, sai an ɗaga shi. Za a nemi binciken likita, har da gwajin ido da na bugun zuciya, da sa hannun iyaye. Mai zuwa tsere a wata ƙasa yana buƙatar izinin hukumar ƙasarsa, wanda kuma ya koma can da zama yana iya karɓar lasisin ƙasar da yake idan hukumarsa ta asali ta yarda. Ka fara wannan zirga-zirgar watanni kafin lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kayan gokat ma ka ajiye su. Rigar gokat an ɗinka ta ne don kada kwalta ta goge fata, ba ta tare wuta. Kana buƙatar riga mai jure wuta da 'yar ciki da safa da takalmi da safar hannu masu tambarin amincewar FIA, hular kwano ta mota, da abin da ake ɗorawa a kafaɗa a ɗaure shi da hula domin ya riƙe kai lokacin karo, wanda aka fi sani da HANS.

Mataki na huɗu: jiki, musamman wuya da ƙafar hagu

Gokat tana wahalar da haƙarƙari da damtse. Mota wuya take kamawa. A doguwar kwana mai gudu, kai da hular da ke kansa suna neman tafiya gefe, wuyan ɗan shekara 15 kuwa bai saba ba. Bayan zagaye goma sai ka ga hula ta fara jingina, daga nan idon direba ya daina kallon inda ya kamata, lokacinsa ya lalace. Motsa wuya da robar ja, ƙarfafa ciki da baya, gudu ko keke don numfashi, a fara su aƙalla wata uku kafin gwajin farko, kuma a ƙarƙashin mai horarwa domin jikin yaro bai gama girma ba. Ƙafar hagu ma tana son ƙarfi, za ka ga dalili yanzu.

Mataki na biyar: ranakun gwaji

A nan ne aikin yake, kuma a nan ya kamata kaso mai tsoka na kuɗin shekarar farko ya tafi.

Kafin a tayar da inji za a yi maka kujera. Za ka zauna cikin motar sanye da kayanka a kan wata jaka da aka zuba wa kumfa, kumfar ta daskare da siffar bayanka. Kada ka ji kunyar cewa wuri kaza yana matsa maka, ko ba ka ganin saman tayoyin gaba. A gokat kana zaune a miƙe kana ganin komai, kana ma amfani da nauyin jikinka wajen juya ta. A nan kusan kwance kake, bel mai madauri shida ya ɗaure ka tamau, ƙarfen kariya na halo yana gaban idonka, ba ka ganin hancin motar, kuma abin da ke bayanka sai ta ƙananan madubai biyu.

Sai bambancin motar kanta. Gokat da direbanta ba su wuce kilo 150 ba sosai, ba ta da sifirin, tayoyin bayanta a kan sandar ƙarfe ɗaya suke, don haka sai tayar baya ta ciki ta ɗan ɗaga kafin ta juya. Duk abin da ka yi da sitiyari nan take take amsawa. Motar F4 ta kusa kilo 600 da direba, tana da sifirin, tana da fiffike gaba da baya, injinta na da ƙarfin doki wajen 160 zuwa 180, gudunta ya haura kilomita 200 a awa. Idan ka juya sitiyari sai nauyinta ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya koma gefe ya zauna. Yaron da ya saba fizgar sitiyari zai ga motar tana ƙin shiga kwana ko tana jefa baya. Hannu mai taushi take so, a juya sau ɗaya a jira ta.

Birki ne babban darasi. A yawancin gokat birki a baya kawai yake, ka taka da ƙarfi ta juya da kai, shi ya sa yara ke saba takawa a hankali. A mota mai fiffike akasin haka ake yi. Lokacin da take kan gudu iska na danna ta ƙasa, tayoyi na riƙe kwalta sosai, saboda haka a wannan daƙiƙar ta farko ake taka birki da dukkan ƙarfin ƙafar hagu. Gudu na raguwa danniyar iska na raguwa, kai ma sai ka riƙa sassauta ƙafa sannu a hankali har ka shiga kwanar. Babu na'urar da ke taimaka wa ƙafarka, babu mai hana taya kullewa. Ka ci gaba da dannawa bayan gudu ya ragu, taya ta kulle, ta goge waje guda ta yi faci, daga nan motar ta yi ta karkarwa har a cire tayar. Injiniya zai nuna maka zanen matsin birkinka a kwamfuta: na ƙwararre yana tashi tsaye kamar bango sannan ya gangaro a hankali, na sabon shiga kuwa kamar tudun yashi yake. Yawancin lokacin da sabon direba ke asara a nan yake.

Abu na gaba yana saɓa wa hankali. A kwana mai gudu, ɗaga ƙafa daga totur saboda tsoro yana iya sa motar ta fi rashin natsuwa, domin nauyi ya koma gaba, baya ya yi sako-sako, danniyar iska ma ta ragu. Yarda da cewa motar za ta riƙe ba a koyar da ita da baki. Zagaye bayan zagaye ake gina ta, ana ƙara gudu kaɗan-kaɗan.

Sai taya. Ba a ɗumama tayar F4 da bargo, kai za ka ɗumama ta a zagayen fita, da birki da totur, kuma sabuwar taya tana da 'yan zagaye kaɗan da take ba da mafi kyawun riƙo. Wanda bai iya fitar da lokacinsa a cikin wannan taga ba zai riƙa tashi daga baya a ranar tsere, domin da wannan lokacin ake jera motoci a layin tashi. Saboda haka ka nemi a riƙa sa maka sababbin tayoyi a wasu lokutan gwaji, ko da tsada. Gwaji a kan tsohuwar taya kullum yana koya maka tuƙa mota mai santsi ne kawai.

Tashi ma sabo ne. A gokat mara giya ana fara tsere ne ana tafiya, a F4 a tsaye ake, da kuloci, ana jiran fitilu su mutu. Ka saki da sauri inji ya mutu, motoci talatin suna tahowa ta bayanka. Ka yi ta maimaita shi a duk ranar gwaji har ƙafa ta haddace inda kuloci ke kamawa.

Kuma za ka yi kuskure. Hamilton kansa ya buga motar a gwajinsa na farko da ƙungiyar Manor a 2001, aka gyara, ya koma ya yi sauri. Abin da ƙungiya ke kallo shi ne yadda ka dawo.

Game da na'urar kwaikwayon tuƙi: tana da amfani wajen haddace fili. Filin gokat bai cika wuce kilomita ɗaya da rabi ba, filin tseren mota na Monza a Italiya kuwa ya kusa kilomita 5.8, na Mugello ya haura 5. Zuwa ranar gwaji ba ka san kwana ta gaba ba asarar rabin yini ce. Amma na'ura ba ta koya wa wuya komai, ba ta kuma koya tsoron bango.

Mataki na shida: ka koyi magana da injiniya

A gokat sau da yawa uba ne bakanike, ko mutum ɗaya da ya san yaron ciki da waje, ya kalli fuska ya gane matsala. A nan akwai injiniya da kwamfuta da rediyo a kunne. «Motar ba ta da daɗi» ba bayani ba ne. Ka raba kowace kwana kashi uku: shiga, tsakiya, fita. Ka ce a kwana ta huɗu, a tsakiya, gaba yana turewa waje, ko a fita baya yana zamewa da na taka totur. Da wannan zai san ko fiffike zai taɓa ko sifirin ko iskar taya. Ka riƙe littafi, bayan kowane fita ka rubuta abin da ka ji kafin ka kalli kwamfuta, sannan ka gwada da abin da ta nuna. Idan aka ɗora zanenka a kan na abokin ƙungiyarka aka nuna maka inda ya fi ka, kada ka yi musu. Iyaye kuma, a wannan ɗakin kujerarku tana waje.

Mataki na bakwai: zaɓen gasa da ƙungiya

F4 ta Italiya ita ce inda aka fi cunkoso da gogayya, motoci sama da talatin a layi, motar Tatuus da injin Abarth, a filaye irin su Monza, Imola, Mugello da Misano. Oliver Bearman ya ci ta a 2021 da ƙungiyar Van Amersfoort, Kimi Antonelli a 2022 da ƙungiyar Prema. Idon manyan ƙungiyoyi yana can, amma sabon shiga mai ƙaramin shiri yana iya ɓacewa a tsakiyar taro babu wanda ya lura da shi. Akwai ta Birtaniya da ta Sifaniya, dukansu masu ƙarfi. Ta Faransa daban take: makarantar FFSA da ke Le Mans ce ke kula da dukkan motocin, babu ƙungiyoyi masu gasa da juna, don haka kuɗin ya fi sauƙi kuma ba a sayen fifiko. Isack Hadjar ta nan ya bi a 2019 da 2020. Ga mai ƙaramin aljihu, ni nan zan fara dubawa. A Birtaniya akwai GB4 da aka fara a 2022 a matsayin hanya mai rahusa, akwai kuma Ginetta Junior da ake shiga tun shekara 14. Ba mai kujera ɗaya ba ce, amma tana koyar da nauyin mota da manyan filaye. Lando Norris ya yi ta a 2014, shekarar da ya ci gasar gokat ta duniya, sannan ya lashe F4 ta Birtaniya a 2015 da ƙungiyar Carlin. 'Yan mata kuma suna da F1 Academy tun 2023, da mota irin ta F4.

Lokacin sanyin Turai, a watannin Janairu da Fabrairu, ana gudanar da gasa a Hadaddiyar Daular Larabawa, a Yas Marina da Dubai. Ƙungiyoyi na kai sababbin direbobinsu can su sha tsere kafin kaka ta buɗe. Dubi tsarin Antonelli: ya cika 15 a Agustan 2021, ya shiga tseren ƙarshen kakar Italiya don ɗanɗana, ya yi wasu a Daular Larabawa, sannan ya shigo 2022 a shirye ya ci gasar Italiya da ta Jamus duka.

Wajen zaɓen ƙungiya, ka yi gwaji da biyu ko uku kafin ka sa hannu. Ka tambayi wane injiniya za a ba ka da direbobi nawa yake kula da su. Ka nemi iyayen da suka bar ƙungiyar ka ji ta bakinsu. Abokin ƙungiya mai sauri, musamman wanda ke shekararsa ta biyu, alheri ne a gare ka, domin zanensa shi ne allon karatunka. Kowace takarda kuma lauya ya karanta ta, balle ta manajan da ke neman kaso daga abin da yaro zai samu na shekaru masu yawa.

Mataki na takwas: shekarar farko da abin da ke bayanta

Burinka a rabin farko na kaka shi ne ka gama kowane tsere. Tseren F4 na Italiya kusan minti 30 ne, sau uku a ƙarshen mako, wanda ya fita a zagayen farko ya biya kuɗin rabin awa bai koyi komai ba. Za ka tarar bin mota kurkusa a kwana ya fi wuya fiye da a gokat, saboda iskar da ta gaba ta hargitsa tana rage wa fiffikenka aiki, don haka wuce mutum sai an shirya shi tun ana saura lanƙwasa biyu a kai wurin. Taɓa juna da aka saba a gokat kuwa, a nan taya ce ke hawa taya mota ta tashi sama. Yawancin gasannin suna da jadawalin sababbin shiga daban, da shi za ka auna kanka.

Makarantun horar da direbobi na ƙungiyoyin Formula 1, irin na Ferrari, Red Bull, Mercedes da McLaren, su ke nemo mutum, ba a cika samunsu da wasiƙa ba. McLaren ta ɗauki Hamilton a 1998 yana ɗan 13. Ta kuma ɗauki Ugo Ugochukwu, haifaffen New York wanda mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, a 2021 bayan ya ci gasar OK-Junior ta Turai a 2020; ya zo na uku a F4 ta Birtaniya a 2022, ya ci tseren Macau a 2024. Ka sani shiga irin wannan makaranta ba lallai ta ɗauke dukkan kuɗi ba, kuma yadda suke ɗauka da sauri haka suke sallama.

Karatu ma a shirya masa tun farko, da makarantar da za ta yarda da yawan tafiya ko darasi ta intanet.

Idan kaka ta ƙare za a zo kan tambayar hawa gaba ko maimaitawa. Zakaran F4 yana samun maki 12 na babban lasisi, na Formula Regional ta Turai 25, na Formula 3 kuma 30, ana neman 40 cikin shekara uku. Ma'ana makin F4 kan tsufa kafin a kai ƙofar Formula 1, don haka ba su ne dalilin gaggawa ba. Hamilton ya yi shekara biyu a Formula Renault, na uku a 2002, zakara a 2003. Ya sake yin biyu a Formula 3, na biyar a 2004, zakara a 2005, sannan ya ci GP2, wadda yanzu ake kira Formula 2, a 2006 a shekararsa ta farko. Idan ka gama kakar farko kana cin tsere, ka nemi gwajin Formula Regional a watannin Oktoba zuwa Disamba, lokacin da ƙungiyoyi ke cike kujerunsu. Idan kuwa sai a ƙarshen kaka ka fara shiga goman farko, ka zauna da injiniyanka ku fitar da kwanonin da ka fi asarar lokaci a kowane fili, ka sa ranakun gwajin sanyi a kan waɗannan filayen, ka sake sa hannu a F4.